Gwadabe Fasinja da Kujerar Inna Kyauta

A Ƙauran Namoda, a shekarun da nake magana, in ka shiga tashar motocin Shinkafi ka ce kana neman Gwadabe bakanike, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Gwadabe Fasinja, ko mai tallan ruwa zai nuna maka darbejiyar da yake aiki a ƙarƙashinta. Ni ne maƙwabcinsa a wannan inuwar. Sunana Ɗanbaba, facin taya nake yi, kuma Allah ya hore mini jiki. Benci biyu na karya a wurin mai shayi, na ukun ma sai da aka ƙara masa ƙafa. Ba don alfahari na faɗa ba, jikin nan nawa yana da aikin da ya yi a labarin.

Gwadabe mutumin Badarawa ne. Ya zo Ƙaura yana saurayi da niyyar samun aikin reluwe, ya tarar jirgin ma sai ya ga dama yake zuwa. Sai ya faɗa hannun wani Bayarabe mai gyaran mota a bayan tashar jirgin, ya yi shekaru yana wanke noti a cikin fetur kafin a yarda ya riƙe sifana. Da tsufa ya kama maigidan nasa zai koma ƙasarsu, akwatin kayan aiki ya bar masa. Mutum ne siriri, marar son surutu. Kana iya wuni da shi ba ka ji komai daga bakinsa ba sai sallama da "miƙo man wancan".

Sunan Fasinja kuwa daga yadda yake aiki ya samo shi. In ciwon mota a fili yake, zai gyara kamar kowa. Amma in irin wanda yake zuwa ya tafi ne, yau ta mutu gobe ta yi lafiya lau, to ba ya ko buɗe bonet. Sai ya rufe akwatinsa, ya zura sifana ɗaya da sukundireba a aljihu, ya shiga motar ya zauna cikin fasinjoji. Ya bi ta Shinkafi, ya bi ta Zurmi, har ranar da za ta mutu a gabansa. Direbobi sun tsani wannan hali, don kujera guda yake cinye musu. Ni kuma ina tsokanarsa cewa yawon banza kawai yake so.

"Wadda ka mutuwa bisa hanya, bisa hanya za a gane ta," haka yake ce mini. "In anka kawo ta nan inuwa, lahiya lau za ta nuna maka."

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne, ban taɓa ganin ya cire ƙarfen da bai mutu ba. Vincent mai sayar da kayan gyara yakan yi ƙorafi cewa Gwadabe ba ya kawo masa ciniki, da duk bakanikai irinsa ne da tuni ya rufe shago. Amma shi Vincent ɗin, tasa motar ba ya yarda kowa ya taɓa ta sai Gwadabe.

Da aka ba mu jiha, motoci suka yawaita a hanyoyinmu, tsofaffi da 'yan Kwatano. Bayan 'yan shekaru shari'a ta zo, shugabannin tasharmu suka tsara cewa maza su zauna a gaba, mata a kujerar can baya. Akwai wani direba, Atiku, mai tsohuwar Fijo doguwa, irin mai layin kujeru uku. Launinta na asali ko shi bai sani ba. Kujerarsa ta baya ta daɗe da ruɓewa, buhuna da awaki yake jibgawa a wurin. Da wannan tsari ya zo, ya kai ta wurin mai walda aka yi mata sababbin ƙafafu na ƙarfe, aka sa soso, aka lulluɓe da jar leda mai ƙyalli. Atiku ya yi ta nuna wa mutane kujerar nan kamar ya yi sabon ɗaki.

Ba a daɗe ba motar ta fara wani iskanci. Ana cikin tafiya sai ta fara figa, ta yi tari, ta mutu. Fasinjoji su sauka a tura ta, kafin a yi nisa ta tashi garau kamar ba ita ba. A koma a zauna, a ci 'yar tafiya, ta sake. Wata rana kuma ta je ta dawo ko tari babu. Atiku ya zagaye bakanikan garin. Aka canza fulogi, aka canza kwayil, aka wanke kafireta har sau ban san iyaka ba, aka sa sabon fanfon mai. Wani ya ce man 'yan bumburutu ne mai haɗin kananzir, ya daina saye a wurinsu. Duk a banza. Bai kawo wa Gwadabe ba, don ba ya son a cinye masa kujera.

Wanda ya fara lura da wani abu shi ne Yari, ɗan kamashon layin Shinkafi, mai ƙaton tumbi da bakin da ba ya hutawa. Shi ya ce a duba da kyau, motar nan ranar Alhamis ta fi mutuwa, kuma duk Alhamis akwai Inna Kyauta a ciki.

Inna Kyauta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take kaiwa kasuwar Shinkafi duk mako, da shi take riƙe gidanta tun rasuwar mijinta. Mace ce mai jiki, kusan sa'ata a nauyi, mai dariyar da ake ji daga ƙofar tasha. Ba ta taɓa wuce rumfata ba ta ajiye mini ƙuli biyu ba, tana cewa in ci kar in rame. Wata Alhamis motar ta mutu ta sake mutuwa, rana ta take, mutane suka gaji da turi. Wani fasinja ya ce, to ita wannan baiwar Allah ta sauka ta bi babbar motar da ke tafe mana, a gani. Ta sauka da garwar manta. Motar Atiku kuwa ta kama hanya har Shinkafi ko shaƙuwa ba ta yi ba.

Kafin la'asar magana ta cika tasha: Inna Kyauta farar ƙafa gare ta, duk inda ta taka sai abu ya lalace. Nan da nan aka tuno mijinta bai yi tsawon rai ba. Wani ya ce ai rumfar da ke kusa da tata a kasuwa ta taɓa kamawa da wuta. Abin da ya fi ƙona mini rai, kullum lasifika tana kanmu malamai suna wa'azi a kan camfi, mutanen nan suna gyaɗa kai suna cewa gaskiya ne. Ana shafa fatiha sai su juyo su ci gaba da maganar ƙafar matar mutane.

Daga nan ba direban da ya ƙara ɗaukarta. Ta zo da sassafe, mota wayam, a ce mata an cika. Sai ta jawo garwarta gefen rumfata ta zauna a kai, tana kallon motoci suna lodi suna tashi, har rana ta yi tsaka ta ɗauka ta koma gida. Alhamis ta bi Alhamis a haka. Dariyar nan ta ɗauke ƙaf. Kasuwarta tana mutuwa a gaban idonmu, sunanta kuma ya riga ya ɓaci. Na yi faɗa da Yari har sai da aka shiga tsakaninmu, amma faɗa ba ya goge irin wannan magana.

Ana nan sai motar ta sake mutuwa a hanyar Zurmi, alhali matar tana gidanta. Yari ya ce ai ragowar ƙafarta ce ba ta gama fita ba. Atiku dai ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya turo motar ƙarƙashin darbejiya yana sunkuyar da kai.

Gwadabe bai taɓa ta ba tukuna, tambaya ya fara. Da sanyin safiya take mutuwa ko sai ta yi zafi? Atiku ya ce babu ruwanta da lokaci. Tanki cike ko ya yi ƙasa? Duk ɗaya.

"In za ta mutu, lokaci guda taka ɗaukewa, ko sai ta yi jayayya?"

"Sai ta yi ta higa, Oga, ta yi tari, kana ta mutu."

"To ba wuta ba ta," in ji Gwadabe. "Wuta in ta yanke, ɗif taka yi. Wagga yunwa ta. Mai na ba ya iso mata."

Ya tambayi abin da aka ɗauko ranar da ta mutu a hanyar Zurmi. Atiku ya ce babu mata ran nan, buhunan gero ya ɗora a baya. Gwadabe ya zura sifanarsa a aljihu, ya shiga mota. Ya bi ta Shinkafi ya dawo, ba ta yi komai ba. Ya bi ta Zurmi, nan ma lafiya lau. Ya kunce murfin tanki a hanya ya kasa kunne ko iska ce ta toshe, babu. Ya leƙa cikin tankin ko wata leda ce ta faɗa take rufe bakin bututu, nan ma babu. 'Yan tasha suka samu abin dariya, suna cewa Fasinja ya samu motar yawo. Da yamma na gan shi zaune a kan akwatinsa ya yi tagumi, ya ce mini shi kam abin nan ya ɗaure masa kai.

Alhamis ta zagayo, Inna Kyauta ta zo ta zauna a kan garwarta kamar yadda ta saba. Sai na ga Gwadabe ya tashi, ya je ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, in kin shiga motar Atiku, ina kika zamnawa?"

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya kaɗa. "Har da kai, Gwadabe?"

"Wallahi ba wanga nika nuhi ba, Inna. Aiki nika yi. Wurin zamanki nika tambaya."

Ta ce lungun hagu, jikin taga, don warin fetur yana tayar mata da zuciya. Garwar kuma a cinya take riƙe ta, don in an sa a but man yana zuba. Ya ce in motar ta mutu tana sauka? Ta ce to ya za a tura mota da ita a ciki. Ya yi mata godiya ya taso, ya tsaya a gabana yana duba ni sama da ƙasa kamar mai tayin ragon layya.

"Ɗanbaba, ruhe rumhwa. Yau kai ma hwasinja na."

Shi da Atiku suka cusa ni a lungun nan na hagu, gwiwoyina har haɓa, Gwadabe ya ɗauko tsohon batirin babbar mota ya ɗora mini a cinya. Mu uku muka kama hanyar Shinkafi. Da farko lafiya. Da muka shiga gargada, motar ta faɗa wani rami, na ji kujerar ta nutse da ni. Ba mu yi nisa ba ta fara figa, ta yi tari, ta mutu. Na yunƙura zan fita in sha iska, sai na ji Gwadabe ya daka mini tsawar da ban san yana da irinta ba.

"Kak ka motsa! Ko kunama ta harbe ka, zamna!"

Ya buɗe bonet, ya zare tiyon da ke kai mai cikin kafireta, ya ce Atiku ya murza makulli. Ko ɗigo bai fito ba. Sai ya kwanta a kan ƙasar nan mai zafi ya shige ƙarƙashin motar, daidai inda nake zaune. Ni kuwa gumi har cikin kunne, batiri yana neman raba ni da ƙafafuna. Daga ƙasa na ji muryarsa: "Tashi kaɗan." Na ɗaga. "Zamna." Na zauna. "Tashi. Zamna." Na ce masa in horon soja zai ba ni ya faɗa mini tun da wuri. Can ya fito, fuskarsa duk tsatsa, yana dariya har da riƙe ciki. A zamanmu tare ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ran nan.

Ga abin da ya gani. Bututun da ke ɗauko mai daga tanki ta ƙarƙashin ƙasan motar yake bi, kuma wani bakanike can baya ya taɓa yanke inda ya ruɓe ya haɗa da tiyon roba. Shi kuma mai walda ya kafa sabuwar ƙafar kujera daidai saman wannan robar, a kan ƙarfen da tsatsa ta riga ta cinye. In marar nauyi ne ya zauna, babu abin da ke faruwa. In mai nauyi ne da kaya a cinya, aka faɗa rami, sai ƙafar ta danna ƙasan motar ta matse tiyon. Injin ya shanye ɗan man da ya rage a kafireta, ya mutu. Da an sauka turi, kujera ta ɗaga, robar ta buɗe, mota ta tashi. Buhunan geron nan ma a wannan lungun aka jibga su.

Atiku ya riƙe baki yana salati. Ya ce a gyara yanzu-yanzu, aikin ai bai kai a sha shayi ba. Gwadabe ya karkaɗe rigarsa ya ce a'a.

"In na gyara ta nan cikin daji, motakka ta warke, amma matar ba ta warke ba. Cewa za su yi don ba ta shiga ba na. Ka bari sai Alhamis mai zuwa, cikin tasha, gaban kowa. Kahin nan kak ka zamnar da mai nauyi wurin."

Atiku ya yi ta magiya, Gwadabe ya ƙi. A nan ne na san mutumin da nake zaune da shi a inuwa ɗaya. Shi aikin da aka ba shi mota ce, ba wanda ya ce ya gyara sunan kowa, kuma ba wanda zai gode masa a kan jinkirin.

Ranar Alhamis da hantsi tasha ta cika. Gwadabe ya sa Atiku ya tsayar da motar a tsakiyar fili ya tayar da ita. Ya roƙi Inna Kyauta ta shiga ta zauna a lungun dama. Da ƙyar ta yarda, ta shiga kanta a sunkuye. Injin ya yi ta aiki, mutane suna jira ya mutu, bai mutu ba. Ya ce ta fito. Sannan ya juya wurin Yari ya ce ya taimaka ya zauna a lungun hagu, ya riƙe mata garwarta a cinya.

"Ni? Mi ya haɗa ni da kujerar mata?"

"Babu mace ciki yanzu. Ko tsoro kaka ji?"

Yari ya shiga yana hura hanci. Gwadabe ya ce ya ɗaga ya zauna da ƙarfi, ya yi. Atiku ya taka totur. Can sai motar ta fara figa, ta yi tari, ta mutu murus da Yari a ciki rungume da garwar mai. Tasha ta kaure da ihu, yaran mota suna tsalle suna kiran "Yari hwarar ƙahwa!" Ni kaina sai da na zauna a ƙasa don dariya. Amma Gwadabe ya ɗaga hannu ya tsayar da su.

"Ba Yari ba na, ba kowa ba na. Ku duƙa ku gani da idonku."

Haka manyan direbobi suka dinga durƙusawa ɗaya bayan ɗaya suna leƙa tiyon da ƙarfe ya matse. Ya sa Yari ya tashi, suka ga robar ta buɗe. Sannan ya janye ta gefe, ya naɗe ta da guntun tsohon tib na taya daga rumfata, ya ɗaure da waya, ya ce a kai wa mai walda ya sa faci a ƙarƙashin ƙafar kujerar. Yari ya fito yana share gumi, ya ajiye garwar a gaban mai ita, ya kasa haɗa ido da ita.

Atiku ya buɗe ƙofa ya ce, "Inna, bisimilla. Ki yi haƙuri. Shinkahi."

Na zaci za ta yi dariyar nan tata, ko ta wanke su da zagi, kuma da ta yi da na taya ta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta matsa kusa da Gwadabe, ta yi magana a hankali, amma da yake an yi shiru duk mun ji.

"Gwadabe, tsakaninka da Allah. Ka tabbata ba ni ta ba?"

"Ƙarhe na da roba, Inna. Ko buhun gero anka aje wurin, hakanan za ta yi."

Sai ta sa bakin mayafi ta rufe fuskarta. Da ta buɗe, ta ce wa Atiku ita yau ba Shinkafi za ta ba, Zurmi take so a kai ta. Ta ce ɗiyarta Ummusalma ta haihu a can tun kafin azumi, ɗan fari, namiji. Ba ta je barka ba, ba ta je suna ba. Aikawa ta yi cewa ba ta da lafiya, don tana tsoron ta taka gidan wani abu ya sami yaron.

Ashe duk zaman da take yi a gefen rumfata, ita ma ta yarda da abin da ake faɗa a kanta. Wallahi sai da na juya baya na goge idona. Fasinjojin Shinkafi da suka riga suka sa kayansu a but suka fara saukewa da kansu, ba wanda ya ce musu su yi. Ta shiga ta zauna, Atiku ya tayar da mota, sai ta leƙo ta taga ta sake kiran Gwadabe.

"Ka ce babu komi in na ɗauki yaron?"

"Ki ɗauke shi, Inna," in ji Gwadabe. "Ki goya shi ma."